Jika Biyu Da Magariba

Akwai wani kira da ya shigo mana a shirin safe cikin watan Yulin da ya wuce, wanda har yau bai bar raina ba. Muna tattaunawa ne a kan abin da ƴan lakwal ke yi da dogon hutu, sai wani dattijo ya bugo daga nan cikin garin Maraɗi. Bayan sallama da gaishe-gaishe ya ce:

"Malam, ni dai na gode ma Allah. Yarona shekara goma sha biyar gare shi. An rufe lakwal, ko sati ba a yi ba na samo mishi moto wajen wani maƙwabcinmu, yana kabu-kabu. Yanzu kullum magariba jika biyu yake aje ma uwarshi. Wanda bai yi ma ɗanshi haka ba, shi ya so."

Sai layi ya cika da masu sa albarka. Wannan ya ce yaro ya yi hankali, wancan ya ce haka ake son ɗa na gari, wata baiwar Allah ta ce ina ma nata ya yi koyi da shi. Ni kuwa da nake riƙe da shirin na ce "Allah ya yi masa albarka," na sa talla, muka wuce. Aikin mai gabatarwa ke nan, ba a son ka yi faɗa da mai sauraro a gaban duniya, balle dattijo. Amma nan ba ɗakin watsa shiri ba ne, ba kuma mai ɗaga mini hannu ta bayan gilashi cewa lokaci ya ƙare. Saboda haka zan faɗi abin da na haɗiye ran nan: Baba, ba gata ka yi wa yaron nan ba. Ku kuma da kuka sa albarka, da ni da na taya ku, mun yi kuskure.

Kada wani ya yi saurin juya mini magana. Ban ce yaro ya zauna gida yana jiran a dafa a ba shi ba. Bahaushe bai san wannan tarbiyyar ba. Dukkanmu mun riƙe hauya, mun yi kiwo, mun yi aike. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwo a kan lada tun yana matashi. Dokar aiki ta ƙasar nan ta shekarar 2012 ma ta yarda a ɗauki yaro aiki ko koyon sana'a daga shekara 14. Hutunmu kuma ba ƙarami ba ne, daga Yuli har farkon Oktoba, wata uku cur. Yaron da ya yi wata uku yana kwance a fada, daga shayin farko zuwa na uku, shi ma abin tausayi ne. Gardamar ba ta "ya yi aiki ko kada ya yi" ba ce. Gardamar ita ce wane aiki, kuma wa ya zaɓa, da wane ma'auni.

Yaro ɗan shekara 15 ma'auni ɗaya ya sani: nawa zan samu yau? Ba laifinsa ba ne, shekarunsa ke nan. Abin kunyar shi ne babba mai furfura ya ari ma'aunin yaro ya auna da shi. Ni ma'aunin da nake so a riƙe tambaya ce guda: ranar da mai kaya ya karɓe kayansa, me ya rage a hannun yaron?

Mu auna kabu-kabu da ita. Tuƙin babur kwana biyu ake koyonsa, uku in yaro matsoraci ne. Daga nan an gama karatu. Abin da ya iya ran kwana na uku shi zai iya ran kwana na casa'in, sai dai ƙarin ganganci da sanin lungunan da ake kauce wa ƴan sanda. Babur ɗin ba nasa ba ne. Kafin ya ga dala ɗaya tasa, sai ya fitar da kuɗin da zai kai wa mai babur, ya fitar da na mai, ya fitar da na faci in taya ta sace. Mai babur bai san an yi ruwa ba, bai san gari ba fasinja ba, nasa dai ya cika. Wannan kuɗin da ke jiransa kowace yamma shi ne bulalar da ke korar yaro a kan titi. Shi ya sa yake ɗaukar mutum biyu da buhu, shi ya sa yake kutsawa tsakanin babbar mota da amalanke, shi ya sa yake kaiwa dare yana ɗaukar wanda bai san fuskarsa ba zuwa bayan gari. Hular kwano kuwa, in ka ga ɗan kabu-kabu da ita sai ka ɗauka baƙo ne. Wanda ke ganin na cika baki ya je babbar likita ya leƙa ɗakin masu karaya, ya tambayi masu jinya abin da ya kawo su.

Akwai kuma abin da kowa ya sani, kowa ke kawar da kai. Jikin ɗan shekara 15 ba a yi shi don ya wuni daga asuba zuwa isha'i yana jijjiga a kan ƙarfe ba. In bayansa ya fara ciwo, a tashar akwai yayyen da za su nuna masa magani. Sunansa tramol. Ba a ce masa ƙwaya ba ce, ana ce masa maganin gajiya. Uwar tana karɓar jika biyu da magariba tana sa albarka, ba ta san da me aka samo ƙarfin nemo su ba.

To, a ce Allah ya tsare, bai faɗi ba, bai sha komai ba. A nan ne ma babbar asarar take, don ita ba ta zubar da jini balle a gan ta. Ku yi lissafi tare da ni. Jika biyu kullum, a wata jika sittin ke nan. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne. Wato yaron da bai kai ga jarrabawar BEPC ba yana riƙe abin da ya fi na magidancin da ke aikin albashi a ƙasan sikeli. Sai Oktoba ta zo, a ce masa ya ajiye makulli, ya ɗauki jaka, ya koma ya zauna a benci ɗaya da mutum uku ko huɗu, ya roƙi uwarsa dala ashirin na kalaci, ya saurari mushen da yaron ya san yana jiran albashi, wanda wataƙila shi da kansa ya goya shi bashi a watan Agusta. Da wane baki mushen zai ce masa karatu ne hanya? Makon farko zai zo. Na biyu zai ce bari ya ɗan yi na yamma kawai. Ranar kasuwa, Litinin da Juma'a, ba za a gan shi ba sam. Kafin hutun Disamba an soke sunansa a rajista, kuma ba wanda zai bugo rediyo ya ba da wannan labarin.

Sai a ce, to in ya bar lakwal ai yana da sana'a. Wace sana'a? Sana'ar da sanarwa ɗaya ke kashewa? A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, dubban mutane suka wayi gari da babur a zaure. A watan Fabrairun 2015 aka hana hawa babur a jihar Diffa saboda matsalar tsaro. A farkon 2020 aka yi haka a sassan Tillaberi. Ba ina cewa gwamnatocin sun yi daidai ko ba su yi ba, wannan wata magana ce. Ina cewa ne wanda duk abin da ya iya shi ne murɗa hannun babur, abincinsa yana rataye ne a bakin alƙalamin wani.

Haka ƴan ruwa-ruwa. Shekara da shekaru yaranmu na tsaye bakin titi da kwalabe da mazurari suna sayar da man da aka tsallako da shi daga Najeriya, suna shaƙar tururinsa, wani lokaci wuta ta tashi da tebur da mai tebur. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya tsaya a Abuja ya ce an cire tallafin mai. Kuɗin lita ya ninka kusan sau uku a can, riba ta tsere a nan, tebura da yawa suka watse. Yaron da ya yi shekara biyar yana ɗura mai a kwalba, me ya tashi da shi? Ya iya ɗura mai a kwalba. Zinariya kuwa ba sai na ja magana ba. Tun da aka gano ta Jado a 2014 take kwasar matasanmu zuwa arewa, sannan ta biyo mu har gida. Ranar 7 ga Nuwamban 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, cikin gundumar Ɗan Isa, a nan jihar Maraɗi, mutum aƙalla 18 suka rasu. Duk da haka har gobe akwai uban da zai ba ɗansa kuɗin mota ya ce ya je ya gwada sa'a kafin a koma lakwal.

Na san amsar da ke jirana, don na sha jin ta: "Kai kana cikin sanyin ɗakin rediyo, ba ka san talauci ba. Talaka ba ya zaɓe." Wannan magana tana da nauyi, ba zan yi mata dariya ba. Hutun lakwal yana faɗowa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, tiya ta yi tsada. Akwai gidan da in yaron bai kawo ba, ba za a ɗora tukunya ba. Uwar marayun da ta tura ɗanta kabu-kabu don ƙannensa su ci, ba ni da bakin zarginta. Zargin yana kan dangin mijinta da maƙwabtanta da mu duka. Amma mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya: gida nawa ne haka cikin masu tura yaran? Dattijon da ya bugo mana ba yunwa ya ambata ba, alfahari ya yi. Yara da yawa da na sani, kuɗin kabu-kabunsu a waya suke ƙarewa, da kuɗin intanet, da sabon takalmi, da zubin shayin fada. Uban kuma ya ji daɗi an sauke masa nauyin sabulu da ɗinkin salla. Ana fakewa da guzuma ana harbin karsana: a ɗauko hawayen matalauta na gaske a rufe son sauƙin masu hali.

Ko ga mai buƙatar ma, ba gaskiya ba ne cewa daga babur sai yunwa. Akwai ayyukan da ke ba da kaɗan yau, suna kuma zuba wani abu a hannu. Yaron magini yana karɓar kuɗin yini, yana kuma ganin yadda ake ɗaure igiya a fitar da kusurwa. Yaron gidan burodi yana komawa gida da burodi da ɗan canji. Mai gyaran waya, mai walda, tela, kafinta, mai haɗa wutar sola, mai gyaran firji, bakanike, kowannensu yana buƙatar ƙaramin hannu a shago. Kuɗin ba su kai jika biyu ba, na yarda. Wani wurin kuɗin abinci ne kawai. Amma ran da aka rabu, ba mai iya cewa yaro ya ajiye abin da idonsa ya gani kafin ya fita.

Ni a wurin mai gyaran rediyo na yi hutuna na farko, ina ɗan aji uku a kolej. Mahaifina ne ya kama hannuna ya kai ni wata ƴar rumfa kusa da kasuwa, ya ce wa mai rumfar, "Ga ɗanka nan." Na yi fushi ƙwarai, don abokaina suna tura baro a tasha suna samun kuɗi. Ni dala ashirin ake ba ni na abincin rana. Makon farko shara na yi da goge ƙura. Na biyu aka ba ni tsohon allon rediyo da ƙarfen narka dalma aka ce in cire kowane ƙaramin abu ba tare da na ƙone shi ba. Na ƙone yatsa ya fi sau goma. A wata na uku maigidan ya fara barin ni da mai kawo gyara, in saurari ƙorafinsa, in faɗa masa gaskiyar abin da ya lalace da abin da zai ci. Nan na koyi cewa in tsoho ya ce "rediyona ta mutu," aikinka na farko tambaya ce, ba kwance ƙusa ba. Wannan darasin ya fi yi mini amfani a hira da baƙi fiye da rabin abin da na rubuta a takarda lokacin neman difloma. Har yau in waya ta tsinke a ɗakin shiri ba na jiran kowa.

Mai gardama zai ce, ai gyaran rediyon ma ya mutu, ƴan ƙananan rediyon Sin sun yi arhar da ba a gyara su, wayar hannu ta cinye sauran. Gaskiya ne, sana'ar hannu ma tana mutuwa. Amma ku je ku ga maigidan nawa yau. Rumfar tana nan, wayoyi yake gyarawa da fitilun sola da injin cajin batir. Kayan ne suka canja, hannun da idon suna nan. Ɗan kabu-kabun da aka hana babur, zuwa me zai juya?

Yanzu bari in juyo kan iyayen gida masu shaguna, don in na tsaya a kan iyaye kaɗai na yi rashin adalci. Ku ne kuke kora yara zuwa kan babur. Sau nawa aka kawo muku aparanti kuka mayar da shi bawa? Shekara biyu yaro na garaji, abin da ya iya shi ne sayo shayi, wanke motar maigida, kai cefane gida, ɗebo wa uwargida ruwa. In ya matso yana kallon yadda ake kwance inji a daka masa tsawa. In ya yi kuskure a jefe shi da sifana. Yamma ta yi a sallame shi hannu wofi, ko kuɗin sabulun wanke baƙin mai babu. Wasunku da gangan suke ɓoye sirrin aiki don kada yaro ya iya ya buɗe nasa. Sannan ku zauna kuna cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. Haƙurin me? Yaro yana ganin sa'ansa na wucewa a kan moto da kuɗi a aljihu, shi yana nan da yunwa da zagi, bai kuma ƙaru da komai ba. In shi ne ya gudu, hankali ya yi. Wanda ya karɓi ɗan mutane ya ciyar da shi, ya ba shi ɗan abin sawa a aljihu, ya faɗa wa uban tun ranar farko abin da yaron zai iya kafin Oktoba. Uban kuma ya riƙa leƙawa yana tambaya: nuna mini abin da ka koya wannan makon. Ba a kai yaro shago kamar an kai akuya kiwo ba.

Mu ƴan boko kuma namu laifin ya fi na kowa muni, don mu da saninmu muke yi. Muna hawa rediyo muna wa'azin sana'ar hannu, amma namu ƴaƴan suna darasin hutu a ɗaki mai fanka. In ɗanmu ya ce yana son zama wurin mai walda sai mu ji kamar an zage mu. Mun gina wa yara tunanin cewa mai baƙin hannu shi ne wanda ya kasa, alhali gari cike yake da masu digiri da ke yawo da takardu a ambulan, suna cin bashi wurin telan da suka raina a kolej. Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wane ofishi ne zai ɗauke su? Muna da lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa a nan Maraɗi, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a gundumomi, akwai asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a. Abin da nake so in ji magadan gari da ƙungiyoyin masu sana'a suna gardama a kai shi ne yadda za a cika wuraren nan da ƴan kolej cikin watanni ukun hutu, da yadda za a san wane shago ne ke koyarwa, wane ne ke bautarwa.

Ƴan mata kuwa ko tambayarsu ba a yi. Namiji aƙalla ana cewa ya zaɓa. Ita tire ake ɗora mata, ta bi tasha da garaji da fada da goro ko dafaffen ƙwai har bayan isha'i, ko a sa ta mota zuwa Yamai aikatau a gidan da ba wanda ya san shi, kuɗin kuma a ce na kayan ɗaki ne. Talla ita ce kabu-kabun ƴa mace, har ta fi shi haɗari ta wata fuskar da kowa ya gane ba sai na fayyace ba. Yarinyar da za ta iya lissafin canjin mutum goma a ka ba tare da ta yi kuskure ba, za ta iya keken ɗinki, za ta iya kwamfuta, za ta iya riƙe littafin shago.

Cikin watan Nuwamba na fito daga aiki da rana, babur ɗina yana wurin gyara, na tsayar da ɗan kabu-kabu. Yaro ne ƙarami, ƙafarsa da ƙyar take kai ƙasa. Ban ce shi ne ɗan dattijon nan ba, irinsu sun yi yawa. Muna tafiya ya ji muryata ya gane ni, ya ce kullum uwarsa na sauraren shirinmu. Na tambaye shi ajinsa. Ya ce aji huɗu zai shiga bana. Na ce to ai an koma tun wata guda, yau kuma Talata ce, ƙarfe goma sha ɗaya. Ya yi dariya, ya kauce wa wani rami, ya ce, "Tonton, sai na gama biyan kuɗin waya tukuna." Da muka isa ya ƙi karɓar kuɗina, wai girmamawa. Na tilasta masa ya karɓa. Kafin in ce wani abu wata mata da buhun gawayi ta ɗaga masa hannu daga tsallaken titi, ya murɗa ya tafi.